Ramin da ke Cikin Hayaƙi

Kaka tsohon direban jirgin ƙasa ne. Da zai bar aiki, abokansa suka ba shi wani hoto da aka yayyanka gutsi-gutsi, sai an haɗa yake fitowa. Hoton kan jirgi ne irin na dā, mai cin kwal yana aman hayaƙi. Kaka yana ji da shi ƙwarai.

Shi da jikarsa Auta suke haɗa shi a kan teburin falo. Ƙafafun jirgin sun fito, bututu ya fito. Saura hayaƙi, kuma duk guntayensa ruwan toka ne.

Auta kuwa akwai gaggawa, ko shayi ba ta bari ya huce. Ran nan da Kaka ya fita, ta ce bari ta gama ta ba shi mamaki.

Wani guntu ya ƙi shiga. Ta danna, ta juya, ya ƙi. Sai ta ɗauko almakashin Mama ta datse masa kunne. Ya shige!

Ta ci gaba har saura guntu ɗaya da gurbi ɗaya. Ta gwada, bai shiga ba. Ashe nan ne gurbin wanda ta datse. Ta musanya su, sai ga ɗan rami a tsakiyar hayaƙin.

Ta ji ƙarar sandar Kaka a bakin ƙofa. Ta yi wuf ta rufe ramin da hannu.

"Har kin gama?" in ji Kaka. "Ɗaga hannun mu gani."

Ta ɗaga a hankali.

Kaka ya gyara tabarau. Ya duƙa ya dubi ramin.

"Wa ya yi wa hayaƙina aski?"

"Ni ce, Kaka," ta ce, hawaye na zuba. "Ya ƙi shiga ne."

"Da ya ƙi, ai gaya miki yake ba wurinsa ba ne. Ina kunnen?"

Auta ta durƙusa ta yi ta lalube har gwiwoyinta suka yi ciwo. Can ta gan shi ƙarƙashin kujera. Kaka ya sa gam, ita ta liƙa da hannunta. Ramin ya rufe, sai ɗan tabo.

"Tuba nake, Kaka."

Ya yi dariya ya dafa kanta. "Na yafe miki, sarkin sauri. Amma ki riƙe wannan: abin da ya ƙi shiga, ba ƙarfi yake so ba, haƙuri yake so."