Duhu Ma Sutura Ne

Shekarar da ƙarin albashin Udoji ya haukata mutane, har mai goro ya fara ɗaura agogo biyu, Maharazu mai hoto ya hau Hondarsa da la'asar, ya bar Daura ya nufi Mai'adua. Alhaji Zailani dillalin shanu ya ɗinka sabuwar shadda, kuma yana so duniya ta shaida.

Buƙatar Alhaji kaɗan ce, a ganinsa. Zai tsaya a rana, ƙofar zauren kakansa. Aikin wuyan riga ya fito zare-zare, cikin zauren ma ya fito har ɗaurin gugan rufi.

Masu hoto da dama sun gwada sun sha kunya. Ka bi riga, zaure ya zama gawayi. Ka bi zaure, Alhaji ya yi fari fat kamar an yi ɓarin nono. Fim ba idon mutum ba ne, rana da inuwa ba sa zama masa kan tabarma ɗaya.

Amma Maharazu, wanda ko atishawa ya yi sai ya ce dabara ce, ya zo da shirinsa. Ya kafa kyamara kan ƙafafunta. Ya ɗauka cikin ƙiftawar ido saboda riga. Ya sake ɗauka, ya bar idon kyamara buɗe, ya daɗe yana shan duhun zauren. In ya koma gida sai ya haɗa su kan takarda ɗaya.

Nagoggo, gwaggon Alhaji, tana gefe tana ɓarar gyaɗa.

"Ɗan nan, ka yi sallama kuwa?"

"Da wa, Iya? Ba kowa a ciki."

"Tun ina yarinya ba a kai fitila lungun can."

"Ba fitila na kai ba. Ido ne kawai."

"To ai shi ya fi muni," in ji ta, ta ci gaba da ɓara.

Ana kiran magariba ya kulle kansa a ɗakin wanke hoto. Jan ƙwan lantarki na ci sama-sama. Tsamin ruwan magani ya cika hanci. Ya tsoma takarda, sai ga Alhaji yana tasowa daga ruwa, riga zare-zare, ɗaurin guga raɗau. Aiki ya yi.

Saura lungu ɗaya, baƙi ƙirin. Ba wanda ya tambaye shi lungun. Amma ɗan baƙin nan ya tsaya masa a rai kamar tsakuwa a tuwo.

Ya ɗauko sabuwar takarda. Ya tare wa lungun haske da tafin hannu, yadda duhun zai saki abin da ya riƙe. Ya tsoma.

Gwiwoyi suka fara fitowa.

Sai gashi, har ƙasa.

Mace ce tsugune, ba ko ƙyalle a jikinta, ta rungume kanta. Idanunta na kansa.

Ya ƙifta ido. Lungun cikin hoton ba kowa.

Tsamin magani ya ɗauke. Warin jemage da tsohuwar ƙasa ya maye wurin. Bayansa, wani abu na ɗiga. Ɗis. Ɗis.

"Ka gama kallon?"

Muryar a ƙeyarsa take, ƙasa-ƙasa.

"Baiwar Allah... aiki aka sa ni."

"Riga aka sa ka, da rufi. Lungu kai ka sa kanka." Numfashinta sanyi, kamar bakin randa. "Duhu ne zanena. Tun kakan Zailani bai iya tafiya ba nake ɗaure da shi. Ka kwance mini."

"Zan ƙona hoton!"

"Idon da ya gani fa?"

Jan ƙwai ya mutu.

"Kai ma na ga da duhu kake cin abinci. Kawo naka in ɗaura."

Yatsu suka sauka kan fatar idanunsa. Ya ji ana jan wani abu daga ciki, a hankali, kamar ana zare mayafi daga ƙarƙashin mai barci.

Ya runtse ido gam.

Yana ganin komai.

Har da ita.

A'uziyya ta ƙwace daga bakinsa. Ya banke ƙofa, ya faɗo titi a gaban masu fitowa daga masallaci, yana ihu a kashe fitila. Ba fitilar da ke kunne.

Tun daga ranar Maharazu bai sake sanin duhu ba. Ya rufe ido, ya danna kai cikin bargo, duk tsakar rana ce. Barci sai dai na zomo. Fim kuwa, da ya buɗe shi a ɗaki mai kulle sai ya ƙone kamar an shanya shi a rana. Ya sayar da kyamara ya koma gyaran rediyo, da baƙin tabarau a fuska, 'yan mata na cewa gayu ne. Ko inuwar bishiyar bedi zai shiga, sai ya yi sallama.

Hoton farko dai ya isa Mai'adua, Alhaji ya rataye shi yana nuna wa baƙi aikin wuya. Nagoggo ta matso, ta ƙura wa lungun ido. Baƙinsa ya ninka na da, har wani sheƙi yake yi.

"Ah to," ta ce. "Ta yi sabon zane."