Kaciyar da Jethro Ya Dogara da Ita

A cikin keke Napep daga Kakuri zuwa Sabon Tasha Jethro ya fara ganin Talatu. Ta shigo da ledar atamfofi, ta ce ya matsa, shi kuma don rikicewa sai ya matso wajenta.

"Malam, can gefen nake nufi," in ji ta.

Kafin su sauka ya san cewa ita tela ce, shagonta yana bayan kasuwa. Daga ranar nan wandunan Jethro suka shiga lalacewa ɗaya bayan ɗaya. Wasu ma, Allah na tuba, shi ya farke su da hannunsa.

Jethro ɗan Pankshin ne, yana aiki a wani kamfanin fulawa a Kudenda. Da an tashi hutun rana sai ya zaro waya: "Tala tawa, kin ci abinci? Ni dai tunaninki ya ƙosar da ni." Ita kuma, da take ce masa Jeje, sai ta amsa: "Jeje, ka ci shinkafarka. Tunani ba ya ɗaga buhu."

Mahaifinta, Baba Elisha, dattijo ne a coci, kuma tsohon ma'aikacin masaƙa. Da idonsa ya ga an rufe masaƙun Kakuri, don haka ya rantse 'yarsa ba za ta auri ɗan kamfani ba. Victor yake so, shugaban mawaƙan coci, mai aikin gwamnati da takalmi mai sheƙi. Talatu ta kafe sai Jethro, uwarta ta yi ta lallashi, har Baba ya sauko. Sai kwamitin aure na coci ya ce, kamar yadda aka saba, kowa ya je gwajin jini.

Jethro ya tafi asibiti yana fito. Ai a kamfani samari sun daɗe da yanke hukunci cewa mai kaciya ba ya ɗaukar cutar ƙanjamau. Haka suke faɗa wa juna, kowa likitan kansa. Da wannan magana ya yi zamansa da Gloria, budurwarsa ta da, da wata kafin ita. In ma ya tuna da kwaroron roba, to wanda ya yi watanni yana gasuwa a aljihun baya ne, ya yage ledar da haƙori, ya shafa masa basilin.

Nas ɗin da ta zaunar da shi, Sista Philomena, ba ta yi masa kwana-kwana ba. Ta ce an sami cutar a jininsa.

"Amma Sista, ina da kaciya."

"Kaciya tana rage haɗari ne kawai, ɗana, ba ta kawar da shi. Kuma ba ta kare matar da kake tare da ita."

Bai ji tsoron mutuwa ba a lokacin. Abin da ya faɗo masa shi ne wata Lahadi da Talatu ta kawo masa abinci ɗakinsa, ya riƙe hannunta yana roƙo, yana ce mata babu komai, ai shi mai kaciya ne. Ta zare hannunta ta ce sai an ɗaura. Har fushi ya yi da ita ranar. Da ta yarda fa? Kunya da nadama suka rufe shi, ya ji ya tsani bakin da ya faɗi maganar.

Ya daina ɗaga wayarta. Saƙonninta suka taru. "Jeje, me na yi maka?" Ya karanta, ya kife wayar.

Sista Philomena ta ce wajibi ne ya sanar da waɗanda ya taɓa tarayya da su. Ya nemi Gloria, ya gaya mata a bakin titin Sabon Tasha, ta fashe da kuka ta riƙe rigarsa. Victor kuwa, da ba a rasa shi inda ba a gayyace shi ba, yana wucewa a kan babur. Kafin la'asar labari ya isa gidan Baba Elisha, an ƙara masa gishiri.

Saƙon Talatu ya shigo: "In ka koma wa tsohuwar budurwarka ne, ka zo ka faɗa min a idona. Na cancanci wannan."

Ya same ta a shago tana ɗinka rigunan ƙawayen amarya. Ya tsaya a bakin ƙofa ya faɗa mata komai, bai rage ba, har da abin da ya kai shi wajen Gloria. Keken ɗinkin ya tsaya.

"Ranar Lahadin nan," ta ce a hankali, "da na yarda, da ka cuce ni ke nan."

"Da na cuce ki, Tala. Ba ni da abin cewa. In kin fasa, ba zan ga laifinki ba."

Ta ce ya tafi. Ya tafi.

Kwanaki suka shuɗe shiru, Jethro ya rame kamar wanda ya tashi daga zazzaɓi. Sai wata safiya saƙo ya zo: "Na yi nawa gwajin, lafiyata ƙalau. Har yanzu ina jin haushinka. Ka same ni wajen Sista gobe, ina da tambayoyi."

Tambayoyi kam ta yi su. Sista Philomena ta ɗauko wani guntun katako da suke koyarwa da shi, ta miƙa wa Jethro tare da kwaroron roba a ledarsa, ta ce ya nuna yadda yake sa shi. Ya kai ledar baki, Talatu ta buge masa hannu. Sista ta ce a fara duba ranar lalacewa, a yage gefe da yatsa, a matse kan robar don iska ta fita, sannan a warware ta har ƙasa tun kafin jiki ya haɗu. Ban da basilin ko man shafawa, suna cinye roba. Ban da haɗa biyu, ban da maimaita ɗaya. In an gama a riƙe bakin robar a janye tun gaba bai kwanta ba. Ta ce in ya riƙe shan maganinsa kullum har gwaji ya daina ganin ƙwayar cutar, za su iya haihuwa lafiya.

Jethro ya yi ta gwadawa, zufa na keto masa. Talatu ta sa shi ya sake har sai da ya iya. A ƙarshe ta dube shi, idonta ya ciko.

"Ba don tausayi zan aure ka ba, Jeje. Da ka so, da ka ɓoye wa Gloria, da ka ɓace ka bar ni da zargi, amma ba ka yi ba."

Saura Baba. Jethro ya ce shi zai faɗa masa da bakinsa. Ya durƙusa a tsakar gida ya faɗa. Baba Elisha ya ce ya tashi ya bar masa gida, kuma an fasa aure. Talatu ba ta yi gardama ba, sai dai ta roƙe shi abu ɗaya: ya je ya ji daga bakin Sista. Ya ƙi, ya ƙi, ran nan dai ya sa hularsa ya fita bai gaya wa kowa ba. Da ya dawo daga wajen Sista ya daɗe zaune a ƙofar gida, sannan ya ce wa matarsa a ci gaba da shiri.

Ranar ɗaurin aure cocin ya cika, matan zumunta suna ta guɗa. Victor ma ya ja waƙa. Baba Elisha ya riƙo hannun Talatu har gaban fasto, ya sa shi cikin na Jethro, amma bai saki ba. Ya sunkuyo yadda su biyu kaɗai za su ji.

"Lafiya lau na ba ka ita. Haka nake so in riƙa ganinta."

Hawaye suka zubo wa Jethro. "Baba, da yardar Ubangiji, ba za ta taɓa ɗaukar laifina a jikinta ba."

Sai a lokacin tsohon ya saki hannuwansu, ya ɗora tafinsa a kan ango. "To, Allah ya yi muku albarka, ɗana. Kai ma ya ba ka tsawon rai."