Baƙin Ludayin Nata'ala

A'uzu billahi minash shaiɗanir rajim. Ku janyo mini ƙofar nan tukuna, don labarin nan ko da rana tsaka nake ba da shi sai tsikar jikina ta tashi. Ba a bakin wani na ji ba. A gabana aka yi, kuma da hannuna a ciki, ko da yake Allah ya ga zuciyata. Ni Tani a Madabo aka haife ni, a nan na yi aure, katangarmu ɗaya da gidan Nana Hauwa mai man gyaɗa.

Nana Hauwa ba attajira ba ce, amma gida ya fi ashirin da ke ɗora tukunya da sana'arta. Manoma ke kawo mata gyaɗa daga ƙauye, ba ta taɓa karya musu farashi don ta ga sun matsu ba. Sai ta rarraba mana mu matan da ba ma fita: wata ta ɓare, wata ta soya, mu masu ƙarfin damtse mu matse. Mai nata ne, tunkuza tamu ce, mu yi ƙuli-ƙuli mu rufa wa kanmu asiri. Ɓawon ma masu dabbobi ne ke kwashewa. A soron gidan ake sayar da man, kuma ko na 'yar kwalbar magani ka saya sai an ƙara maka ludayi guda gyara. Takan ce albarkar ciniki a gyara take.

Da gwiwa ta hana ta zama, sai ɗanta na fari, Nata'ala, ya karɓi soron. Yaro ne mai fara'a, ba zan tauye masa wannan ba. Abin da ya ci shi hange ne. Shekarar da soja suka koma bariki farar hula suka hau, sai garin ya rikice. Wanda jiya kuke layin kalanzir tare, yau ya zama kansila, gobe ya shigo lungu da motar da ba ta iya juyawa. Nata'ala yana zaune da mazurari a hannu yana kallo, har ya daina amsa sallama da daɗin rai.

Ina tsakar gidansu ranar da ya ce, "Inna, shekara talatin kina wannan wahala, ko keke ba ki ajiye ba."

Ba ta kama sunansa, ɗan fari ne. Cewa ta yi, "Kai, ni mutane na ajiye. Je ka buɗe soro, ana jira."

Abin da ya biyo baya shi da kansa ya faɗa daga baya a bainar jama'a, ban ƙara ko gishiri ba. Wani ne ya yi masa kwatancen wani boka can bayan Ƙofar Kabuga, in ka wuce gonaki, gindin wata kuka da ta bushe a tsaye. Ranar Laraba ya je, rana na tsakar ka. Ya ce tun daga nesa ya lura ko tsuntsu ɗaya babu a kan kukar. Bukkar gajera ce, da baya ake shiga, a durƙushe. Waje ana zabga rana, ciki kuwa sanyi kamar randa. Ƙarnin tsohon jini ya cika wurin. An rataye ƙahonni naɗe da jan ƙyalle, da busassun fatun da bai gane na wace dabba ba ne. A tsakiya an binne wani baƙin tulu har wuya, kuma ya rantse tulun numfashi yake yi.

Bokan ɗan ƙaramin mutum ne, fes da shi, farcensa a yanke. Wannan tsaftar ma ita ta fi ba shi tsoro. Bai ɗago ba ya ce, "Ɗan mai mai, me kake bayarwa kyauta?"

Nata'ala ya ce, "Ranka ya daɗe, sayarwa nake yi."

"Ban tambaye ka abin da kake sayarwa ba."

Nata'ala ya ce, "Sai dai gyara."

Bokan ya yi wata 'yar dariya. "To ka zo da abinka a hannu. Abin da mutum ya saya da guminsa ba mu da iko da shi. Abin da ya karɓa yana godiya, nan ce ƙofa." Ya zura hannu cikin tulun har kafaɗa, ya zaro wani ludayin duma baƙi wuluk. "Da wannan za ka riƙa zuba gyara. Duk wanda ya ci, rabonsa ya juyo wajenka."

"Rabon dukiya?"

"Rabo dai."

Nata'ala ya ce, "Ba na son jini. Kuma ba na son a taɓa mini gida. Ina da uwa, ina da mata."

"Wa ya ce maka jini? Ko kaza ba na so. Amma ludayi ba shi da ido. Duk cikin da gyaran ya shiga, namu ne. Gidanka kai za ka tsare, ba ni ba."

Kun ji fa. An gaya masa ƙiri-ƙiri, ba a rufe shi ba. Amma wanda ya hango tudun kuɗi ba ya ganin ramin da ke gabansa. Ya lissafa a ransa cewa tsare gida ɗaya ba wuya ba ne. Bokan ya sa shi ya kifa fuska a bakin tulun ya ce "na yarda" sau uku. A na ukun sai ya ji an amsa daga ƙasa, da muryarsa shi kansa.

Kai jama'a, arziki ya zo kamar an ɓalle famfo. Kafin damina ta fita ya samu kwangilar kai mai makarantun kwana. Ya sayo injin matsa ya kafa a bayan gari, ya aiko mana cewa an gode, a daina zuwa karɓar gyaɗa. Mu da muke matse mai muka koma saye. Manoman ma ya kore su, ya ce tirela ce za ta riƙa kawo masa. Ya je Makka ya dawo Alhaji. Amma duk safiya sai ya zo da babbar rigarsa ya zauna a tsohon soron nan, shi da kansa yake zuba wa 'yan unguwa gyara, har ludayi biyu. Mu kuwa sakarkaru muna ta sa masa albarka, muna cewa kuɗi bai sa ya manta tarbiyyar uwarsa ba.

Sai unguwa ta fara lalacewa a hankali. Malam Sabo tela, wanda ke zura zare a allura ba tabarau, ya wayi gari ba ya bambance fari da baƙi. Hasana mai ƙosai hannunta ya kama rawa, ta yi ta ramewa har aka kai ta makwancinta, asibiti sun ce ba su ga komai ba. Yara suna ci suna ƙanjamewa. Mai sana'a ya fita ya dawo hannu rabbana. Kusan kowane mako sai an shimfiɗa tabarmar makoki a wani lungu, kowane mako kuma sai sabuwar mota ta tsaya a ƙofar Alhaji Nata'ala. Tsoro ya shige mu, muna ta saukar Alƙur'ani, ba mu san ta inda abin ke shigowa ba.

Ni abin da ya tsare ni ba wayona ba ne. Wata kwalba na ware, duk gyaran da aka ba ni ita nake miƙawa a zuba, ina tarawa don cincin ɗin Sallah. Ban taɓa ɗiga ko ɗigo a tukunyata ba.

A gidansa kuwa ya kafa doka. Ba a girki sai da man gwangwani na kanti, kuma ba a karɓar kwanon kowa. Ku da kuka tashi a cikin birni kun san nauyin wannan. A lungunmu tukunya ba ta ƙarewa a gida ɗaya, kowa ya sauke sai ya zuba wa maƙwabci. Sai ga shi ana dawo mana da kwanukanmu a rufe yadda muka aika. Nana Hauwa ta yi kuka har ta gaji. Ta ce masa, "Kai, wane irin abin kunya ne wannan? Da abincin matan nan na yaye ka." Ya ce likita ne ya hana, ya shige mota.

Matarsa Lauratu yarinya ce mai ladabi, shekara goma sha ɗaya tana jiran haihuwa, sai a lokacin Allah ya ba ta ciki. Wata ranar Talata, cikin ya kai wata takwas, maigidan ya tafi wani taro Kaduna, ni kuma ina jefa ɗanwake da hantsi. Sai na ji murya ta kan katanga.

"Baba Tani, don girman Allah. Ƙanshin nan zai kashe ni. Kwana uku ban iya haɗiye komai ba."

Na ce, "'Yar nan, Alhaji fa ya hana."

"Ba ya nan, Baba. Ko loma biyar ce."

Wa zai hana mai ciki abin da ranta ke so? Na cika samira. Na ɗauko man girkina, sai na ce a'a, wannan ɗa da aka daɗe ana roƙo, bari in sa masa mai albarka. Na buɗe kwalbar gyara, na soya da albasa, na kwarara har yana kwanciya a gindin kwano, na barbaɗa yaji. Na taka turmi na miƙa mata. Ina jin Nana Hauwa tana cewa, "Matso mini da shi nan, yau dai in ci abincin mutane." Suna ci suna dariya, ni ma ina dariya daga wannan gefen. Wayyo ni Tani.

Bayan la'asar ya dawo, ashe taron bai yiwu ba. Samirata ya tarar a bakin rijiyarsu, sai ga shi a gidanmu. Ban taɓa ganin namiji ya faɗo gidan matan aure ba sallama ba sai ranar. Idonsa ya firfito, ga kwanon a hannunsa.

"Baba Tani, da wane mai kika yi?"

Na ce, "Da naku mana, Alhaji. Gyaran da kake ba ni ne na tara, ban taɓa shi ba sai yau."

Ƙarar da ya yi, wallahi har yau tana cikin kunnena. Ya fita ba takalmi, ba hula. Ya ce da ya isa gindin kukar ya tarar da bokan a waje yana yanke farce. Ya faɗi yana birgima, yana cewa a karɓi injin, a karɓi motocin, a karɓi ransa. Bokan ya ce, "Ni na ɗauka godiya ka zo yi. Rabo uku ya shigo maka yau. Ɗaya ma cikakke ne, mai shi bai taɓa ko kwana ɗaya a ciki ba. Je ka gida, alheri na tafe."

Ranar Juma'a Nana Hauwa ta cika, tana zaune a kan abin sallarta. Ranar Asabar naƙuda ta kama Lauratu, ta haifi ɗa namiji ba rai. Da aka nuna mata shi sai ta fashe da dariya, dariyar da ba ta tsaya ba har 'yan uwanta suka zo suka tafi da ita gidansu da ke unguwar Sheshe a ɗaure. Muna zaman makoki wani mutum mai jaka ya zo neman Alhaji, ya kawo masa takardar kwangilar da ta fi duk wadda ya taɓa samu.

A nan ya karye. Bayan sallar azahar ya tsaya a ƙofar masallaci, ya zaro ludayin daga aljihu, ya zayyana komai tun daga kukar har samirata. Maza suka yi cirko-cirko. Malam Sabo makaho ya ce a kai shi kusa, ya tofa masa yawu a fuska, ba wanda ya hana. Nata'ala ya ɗora ludayin a kan dakali ya rotsa shi da dutse. Abin da ya tsiyayo daga ciki ba zan faɗa ba, amma sai da aka kankare dakalin aka sake yaɓe.

Daga ranar man da ke durominsa ya yi baƙi yana wari, aka dawo masa da kaya daga ko'ina. Injin ya tafi, motoci suka tafi. Ya dawo soron uwarsa ya zauna a ƙasa, ba mai yi masa magana. Da aka kwana biyu liman ya ce haƙƙin maƙwabtaka bai faɗi ba, hukuncinsa na Allah ne, a ba shi abinci. Muka haɗiye abin da ke ranmu muka fara aikawa. Ni da kaina na kai masa tuwo.

Ya dubi kwanon, ya dube ni. Ya ce, "Baba, da wane mai?"

Na ce, "Babu mai a ciki, miyar kuka ce."

"Ƙarya ne. Akwai sauran gyarana a gidajenku."

Haka ya yi wa kowa. Ya ja jiki ya lafe a lungun soro, in an ajiye kwano sai ya kare fuska yana makyarkyata. Kwana goma sha tara ya yi. Ranar da aka shiga aka tarar ya mutu, kwanuka ne jere a gabansa har bakin ƙofa, duk a rufe, ba wanda ya buɗe. Yunwa ce ta kashe shi a tsakiyar abinci.

To ku da kuke ganin sana'ar iyayenku ta yi muku kaɗan, ku ji da kyau. Duk wanda ya ce zai ba ku arziki ba gumi, ku tambaye shi daga cikin wa zai ɗebo. Ba ya ƙirƙirar komai, na maƙwabcinku zai kwaso muku, kuma maƙwabcin nan a kwano ɗaya kuke ci. Ni da ban je ko'ina ba, ban yarda da komai ba, kullum na ɗaga hannun nan sai na tuna shi ya miƙa samirar. Balle wanda ya kai kansa da ƙafarsa. Ku ji tsoron Allah.