Man Da Baba Ya Haɗa

Da Mai Aski ya san abin da kwalbar nan za ta jawo masa, da bai sauko da ita daga kan kanta ba a ranar. Sai dai shi mutum ne da bai taɓa barin kai ya fita daga shagonsa a bushe ba.

Saurayin da ke kan kujera malamin lissafi ne a sakandaren bayan layi, kowa Ticha yake ce masa. Mai Aski ya kashe inji, ya leƙa tsakiyar kansa, ya yi tsaki.

"Shekarunka nawa, Ticha?"

"Ashirin da tara, Baba."

"To kan nan ya girme ka da goma. Ga fili nan ya fara buɗewa."

Daidai nan Auta ta shigo, 'yarsa ta ƙarshe. Makullin gida ta kawo masa kafin ta wuce kemis ɗin da take aiki a ɓangaren sabulai da mayukan gashi. A madubi Mai Aski ya ga komai. Ya ga idon Ticha ya ɗago ya ƙi komawa, ya ga Auta ta gyara mayafin da ba abin da ya same shi. Ransa ya ɓaci, bai san dalili ba. Ya buɗe kwalbar baƙin man nan mai kauri da wari, wanda shi yake haɗawa da hannunsa shekara ashirin, ya lafta wa saurayin.

"Safe da yamma. Wata uku za ka zo kana min godiya."

"Baba, kansa fa mai maiƙo ne," in ji Auta a hankali. "Dubi yadda yake sheƙi, ga amosani. Mai kauri ba zai..."

"Ke, wuce aikinki. Tun ba a haife ki ba nake taɓa kawuna."

Ba a yi sati uku ba Mama, matarsa, ta sanar da shi cewa Ticha ya zama ɗan gida a kemis. Mai Aski ba halinsa ba ne duba wayar yara. Wayar Auta ce ta yi haske a kan tebur da saƙon Ticha, shi kuma tabaransa na hanci.

"Likitata, na wanke kai da shamfun da kika zaɓa min, na bar shi minti biyar kamar yadda kika ce. Duk minti biyar ɗin ke nake tunani."

A sama kuma ga nata:

"Ɗalibina, sau biyu a sati, kada ka wuce. Kuma don Allah ka rabu da man Baba. Na masu busasshen kai ne. Naka kan ba ya son ƙarin mai, iska yake so."

Mai Aski ya ajiye wayar kamar ta ƙone shi. 'Yar cikinsa! Ranar ko abinci bai gama ba.

Daga nan duk sanda Ticha ya tsaya gaishe shi, tambaya ɗaya ce.

"Kana shafawa?"

"Ina shafawa, Baba."

"Madalla. Ungo wata kwalbar."

Shi dai a ransa yana da wanda yake so wa Auta: wani direban kamfani mai suma kamar ciyawar damina, wanda ya shekara shida yana shafa man bai taɓa kuka ba. Ya kawo maganarsa a gida, Auta ta ce, "Baba, wannan ko ruwan famfo ya shafa gashi zai fito masa." Mama ta ƙunshe dariya, shi kuwa ya tashi ya fita.

Wata biyu da rabi, sai abubuwa suka canza. Ticha ya daina zuwa aski. Ya daina leƙa kemis. In an hango shi a hanya, hula ce zaune a kansa har kunne. Auta ta rame, ta riƙa yawo da waya a hannu, har wata rana ta karanta wa Mama saƙon da ta tura masa da ƙarfi, Mai Aski na ji daga tsakar gida:

"In wata ka samu ka faɗa min. Ba zan yi kuka a gabanka ba."

Amsar ta zo: "Wallahi ba kowa sai ke, Likitata. Kunyarki nake ji. Zan zo wurin Baba ranar Asabar."

Ya zo, ya durƙusa a falo, ya faɗi abin da ke tafe da shi yana kallon ƙasa. Mai Aski bai ji rabin maganar ba, hular yake kallo. Saurayin ya kai hannu ya sosa ta sau bakwai.

"Cire hular nan."

"Baba..."

"Cire!"

Ya cire. Mai Aski ya ja da baya. Fatar ta yi ja, ga ƙuraje, ga ɓawo, filin tsakiya ya ninka.

"Inna lillahi! Wannan cuta ce, kuma irin mai yaɗuwa. Shi ya sa kake ɓuya? Ni zan ɗauki 'yata in ba ka, gobe jikokina su taso da wannan? Ba da ni ba. Tashi."

Auta ta fito daga ɗaki da hawaye. Ta duƙa ta ɗauki hular, ta kai hanci, ta tsaya. Sannan ta miƙa wa mahaifinta.

"Baba, sansana."

Ba sai ya sansana ba. Warin ya riga ya iso shi.

Ta juya ga Ticha. "Ba na ce ka bari ba?"

"Kin ce. Amma kullum Baba sai ya tambaye ni ko ina shafawa. Ba na iya yi masa ƙarya, kuma ba na iya ce wa mahaifinki mansa bai karɓe ni ba. Sai in wanke da naki, in shafa nasa."

"Safe da yamma?"

"Safe da yamma."

"Kwalba nawa?"

"Biyar."

"Wai kai ne mai koya wa yara lissafi!" in ji Mama daga ƙofa.

Mai Aski ya ajiye hular. Haushi yake ji, ya rasa wa zai ɗora wa. Ranar Litinin ya rufe shago, abin da ko zazzaɓi ba ya sa shi yi, ya tasa Ticha a gaba har wurin likitar fata.

Likitar ta duba da fitila, ta ce ba ya yaɗuwa. Mai ne ya toshe fatar da dama take da maiƙo, amosani ya samu wurin zama. Ta ce a ci gaba da shamfun, a bar man gaba ɗaya. Zubewar tsakiya kuwa da alama gado ce, akwai maganin shafawa, sai an yi wata shida kafin a ga inda aka dosa, kuma ba ta yi alkawari ba. Sannan ta ɗaga kwalbar man da suka zo da ita da yatsu biyu.

"Wa ya ba ka wannan?"

Mai Aski ya juya yana kallon bango.

"Wani ne mai ƙaunata," in ji Ticha.

Suka kama hanyar dawowa. Sai da suka kusa shago Mai Aski ya tsaya.

"Kai wawa ne, ka sani?"

"Na sani, Baba."

"Mutum ya zauna kansa na ruɓewa don kada ya ɓata wa tsoho rai. Turo manyanka. Amma in ka riƙa yi wa 'yata irin wannan shirun a gida, ni da kai ne."

An ɗaura aure bayan wata uku. Mai Aski ya riƙe hannun Auta ya sa a na mijinta.

"Allah ya yi muku albarka, ya ba ku zuri'a ta gari. Ke kuma ki riƙa faɗa masa gaskiya da ƙarfi, ba ya ji a hankali."

Ƙurajen sun warke, ƙaiƙayin ya tafi. Gashin tsakiyar kai kuwa, yau wata huɗu ke nan ana shafa maganin likita, kuma har yanzu ba wanda ya san ko zai dawo.