Teburin Ɗinki Mai Taya

Gyaran tebur ne ya kai Kafinta shagon Mai Ɗinki, can ƙuryar wani gini da rana ba ta leƙawa. Mai Ɗinki ta yunƙura za ta ba shi wuri, sai da ta dafa bango tana cije leɓe, amma ta yi masa murmushi. Aikin bai wuce ƙusa biyu ba, shi kuwa kullum yana hanya, wai ya zo duba tebur.

"Mai Guduma, teburin nan ya warke," ta ce. "Kai ne da saura."

Da maganar aure ta isa gida, mahaifiyarsa ta ƙi. "Yarinyar da ke tafiya kamar agwagwa? Ciwon ƙashi a jininsu yake. Jikoki masu gwame za ka kawo mini?" Har ta fara yabon 'yar maƙwabta.

Mai Ɗinki ta ji, ta turo saƙo: "Ka bi maganar Mama. Ba zan zame maka kaya ba."

Ya amsa: "Allurata, ko katako ba na yarwa sai na ƙwanƙwasa na ji. Gobe asibiti."

Aka ɗebi jini, aka ɗauki hoto. Likita ta ce ƙashin ya yi laushi ne don ƙarancin bitamin D, wanda jiki ke samu daga rana. In babu shi, sinadarin da ke ƙarfafa ƙashi ba ya kama jiki ko an ci.

"Naki ba gado ba ne. Ga ƙwayoyi. Ki riƙe madara, ƙwai da kifi, ki riƙa shan hantsi."

"Hantsi kuma? Ina kan keke tun safe har yamma."

Washegari Kafinta ya sa wa teburin tayoyi, kullum da safe ya gangaro mata da shi bakin ƙofa.

Ku tambaye ni, ni mai ba ku labarin nan, da na taɓa karyewa na tashi ba sanda. Ban yi boko ba, amma na san ƙashi ba ya son gaggawa. Sai da watanni suka shuɗe.

Ran nan mahaifiyar Kafinta ta biyo, wai ɗinki ta kawo. Ta tarar yarinyar ta turo teburin da kanta, ta durƙusa ta gaishe ta, ta miƙe ba ta dafa komai ba.

Tsohuwa ta daɗe tana kallonta.

"Auna ni, 'yata. Kayan biki nake so."

"Bikin wa, Mama?"

"Ji ta. Sai na faɗa?"

Aka ɗaura aure, amarya ta shiga ɗaki da ƙafarta. Allah ya ba su zaman lafiya da zuri'a mai ƙarfin ƙashi irin nawa.