Satar Gidan Wakafi

Ranar Asabar da hantsi aka kawo ƙara ofishin 'yan sanda na Bani Malik, wai an shiga ɗakin wata mata a gidan wakafi an yi mata sata. Sufeto Rafi'u ya ce shi zai je da kansa. Yawancin mazauna gidan Hausawa ne, shi kuwa haifaffen Jidda ne da bai yar da harshen iyayensa ba.

Farkon shekarun 1970 ne, gari na ta faɗaɗa, haya ta fi ƙarfin talaka. Gidan wakafin kuwa bene ne da wani attajiri ya bari sadaka, kowa na biyan haya daidai ƙarfin abin da yake samu. Rafi'u ya san irin gidajen nan. Mahaifiyarsa ta ƙare rayuwarta a ɗakin kwano tana jiran a ba ta ɗaki a ɗayansu, kuma har yau ba ya wuce ƙofarsu bai ɗaga kai ya dubi tagogin ba.

Mai ƙarar sunanta Turai, matar wani direba da ke hawa na uku. Ta ce tun Alhamis ta tafi biki da 'yarta, ta sakaya ƙofa kawai kamar yadda kowa ke yi a gidan. Da ta dawo jiya da magariba ta tarar an yi mata ɗauki-ɗai-ɗai.

"Me da me aka ɗauka, Hajiya?"

"Tukunyata, da kaskon turare, da mayafi biyu, da labulen ƙofa. Sai takalmin 'yata."

Rafi'u ya dubi saman akwati. 'Yan kunne na zinariya na nan cikin tasa, a fili, ba wanda ya taɓa su. Ya daɗe yana kallonsu. Ɓarawon da ya bar zinariya ya ɗauki tsohuwar tukunya ba kasuwa zai kai ba.

Ya sa aka kira mai gadi, wani dattijo da ake kira Hamad. Tsohon ya rantse ba baƙon da ya shigo jiya, daga masallacin Juma'a ma bai ƙara motsawa daga bakin ƙofa ba.

Kusa da ɗakin Turai akwai wani ɗaki a kulle, wanda mai shi ya tashi tun watan jiya. Rafi'u ya ce a buɗe. Ba komai a ciki sai ƙura, amma a kan ƙurar ga sawun ƙafar mutum ɗaya ya tafi taga ya dawo, sau da yawa, wani tsoho wani sabo. Daga tagar ana hango teku.

"Baba Hamad, wa ke riƙe da makullin nan?"

"Ni ne."

"Ƙafar nan ta fi taka girma."

Tsohon ya sunkuyar da kai. Ya ce wani lebura ne na tashar jiragen ruwa, yakan zo ranar Juma'a ya roƙe shi ya buɗe masa, ya tsaya jikin taga yana kallon teku, sannan ya tafi. Bai taɓa ɗaukar ko allura ba. Jiya ma ya zo, shi kuma ya ba shi makullin ya tafi alwala. Sunansa kam, in ji Hamad, bai sani ba. Rafi'u ya ga alamar ya sani, amma bai matsa masa ba.

Daga nan ya wuce wurin Shaihu Abdulwahid, mai kula da wakafin. Shaihun ya ce masu neman ɗakin nan sun fi a ƙirga. Sharaɗin kuwa sananne ne: mutum ya zo da iƙama, wato takardar izinin zama a ƙasar, kafilinsa, wato ubangidan da ya tsaya masa, ya shaida albashinsa kaɗan ne, kuma ya kasance yana zaune da iyalinsa. Gwauro ba ya samu. Shi da kansa yake zagawa ya ga inda mai nema yake zaune kafin ya yanke hukunci.

"Jiya ka je gidan wani?"

"Na je Khumra bayan la'asar, wurin Salihu, lebura a tashar jiragen ruwa. Mutumin kirki. Shi ma na yi niyyar ba wa."

"Ka ga matarsa?"

"Ta kai yarinya asibiti, in ji shi. Amma ɗakin mace ba ya ɓoyuwa, Sufeto. Ga labule, ga ƙamshin turare, ga takalmin yarinya a bakin ƙofa."

Rafi'u ya yi masa godiya ya fito, zuciyarsa ba daɗi.

Rana ta take sa'ad da motarsa ta isa Khumra, bayan gari, inda ɗakunan kwano na lebarori suka jeru a bayan ɗakunan ajiyar kaya. Ya tarar da Salihu, wani dogo mai faɗin kafaɗa, zaune a ƙofar ɗakinsa. Salihu ya tashi ya gaida shi da ladabi. Da aka tambaye shi iyali, ya ce suna asibiti tun jiya.

"Wane asibiti?"

Salihu ya ambaci ɗaya, ya sake ya ambaci wani.

Rafi'u ya ɗaga labulen ya shiga. An share ɗakin tas. Mayafi na rataye a ƙusa, tukunya na kan murhun da babu toka a cikinsa. Ya duƙa ya ɗauki ɗan takalmin, ya ɗora a tafin hannunsa.

"Yaya sunan 'yarka?"

"Zakiya, yallaɓai."

"Shekararta nawa?"

"Tara."

"Wannan takalmin 'yar shekara uku ne, Salihu."

Mutumin ya dubi takalmin kamar yau ya fara ganinsa. Ya zauna a ƙasa.

"Haka ƙafarta take ranar da na baro ta," in ji shi.

Daga nan bai ɓoye komai ba. Matarsa Luba da yarinyar suna Bur Sudan, a hayin teku. Kafilinsa ya ce ba zai sa hannu a kawo su ba sai ya ga gidan da za su zauna, wakafi kuma ya ce ba ɗaki sai an ga iyali. Shekara da shekaru yana kai da kawowa tsakanin ƙofofin nan biyu. Da ya ji Shaihu zai zo, ya rasa wanda zai ara masa kayan mace, don duk maƙwabtansa gwauraye ne irinsa. Jiya yana fitowa daga ɗakin da babu kowa, sai ya ga ƙofar Turai a sakaye. Ya ce niyyarsa ya mayar ranar Juma'a mai zuwa, kuma Baba Hamad bai san komai ba.

"Me ya sa ba ka naɗe kayan ba bayan Shaihu ya tafi?"

"Na so in kwana ɗaya a cikinsu, yallaɓai."

Rafi'u ya juya baya ya sa wani ɗan sanda da ya rako shi ya tattara kayan. Ya san Turai za ta iya yafewa, ya kuma ƙudura zai roƙe ta. Amma ya san Shaihu ba zai ƙara sauraron mutumin da ya yi masa ƙarya ba, kafili kuma in ya ji, iƙamar ma tana iya tafiya.

"Halas, shi ke nan, Salihu. Tashi mu je."

Bai sa masa ankwa ba. Lebarori suka fito ƙofofinsu suka yi cirko-cirko. A bakin mota Salihu ya tsaya, ya riƙe murfin ƙofar.

"Yallaɓai, jiya da Shaihu ya ce in sa rai, na ba wani matuƙin jirgin ruwa saƙo ya kai wa Luba. Na ce ta fara ɗaure kaya, mun sami gida. Da asuba jirgin ya tashi."

Rafi'u ya dafa kafaɗarsa har ya shiga, ya rufe ƙofar a hankali, direba ya ja mota suka nufi gari.