Bishiyar da Asu Ya Sare

A tashar motar Midelt Asu ya fara ganin Tuda, tana kokawa da kwandon tuffa. Ya kama mata, ta ba shi ɗaya ladan aiki. Shi ɗan Zagora ne, ƙasar dabino, gyaran waya ya hauro da shi duwatsu. Tun ranar tuffa ta zama abincinsa, har ciki ya fara ƙorafi.

Da sanyi ya kankama ya je gaida mahaifinta, Dda Muha. Basu, ɗan baffanta da ya daɗe yana harinta, ya ja shi gefe.

"Tsoho ba shi da itacen jin ɗumi. Ga busasshiyar bishiya can bayan gida. Nuna masa kai namiji ne."

A garinsu Asu, dabinon da ya rasa ganye ya mutu ke nan. Ya ɗauki gatari ya kwantar da ita, ya dawo yana haki, yana jiran a sa masa albarka.

Ashe tuffar da kakan Tuda ya dasa ce, sanyi ne kawai ya kaɗe mata ganye.

"Barci take yi, ɗan rairayi!" in ji Dda Muha. "Wanda bai san barci da mutuwa ba zan ba 'yata? Ran da ta yi gyangyaɗi sai ka haƙa kabari! Kar ka sake taka min gida sai kututturen nan ya yi ganye."

Da yamma saƙon Tuda ya shigo: "Dabinona, kar ka karaya. Saiwar na nan da rai ƙarƙashin ƙanƙara. Awaki kawai za ka tsare mata."

Ya amsa: "Tuffata, ko giwaye ne."

Ya kewaye kututturen da ƙaya. Kullum safiya yana can durƙushe yana lallashinsa. Mu mazan garin da muka yi aure ba mu roƙi kututture ba muka sha dariya, sai matanmu suka ce ina ma su suka dace.

Ƙanƙara ta narke, rafuka suka cika, kowace bishiya ta farka. Kututture shiru. Basu har ya fara taya ragon biki.

Wata safiya Tuda ta shigo da gudu, ko takalmi babu.

"Baba! Zo ka gani!"

Tsiro ne ja a jikin kututturen, bai kai ɗan yatsa ba. Tsoho ya daɗe a duƙe, sannan ya share ido, ya dubi Asu da ke durƙushe a gefe.

"Tashi, ɗana. Allah ya yi muku albarka. Amma gatarin gidanku, Tuda ce za ta riƙe."

Aka ɗaura aure lokacin tsinkar tuffa. Itacen nan da tsoho ya ƙi ƙonawa duk sanyin bana, da shi aka dafa naman biki. Basu aka sa ya faskara.